Motar da Ke Mutuwa a Gindin Tsamiya

An rushe rumfar garejinmu ta bayan tasha. Ban san ranar da aka yi ba, sai dai na fito wata safiya zan je dubiya, na tarar da shaguna a jere a wurin, ɗaya na sayar da wayoyi, ɗaya na cajinsu, na ƙarshen kuma an cika shi da kayan gyaran babur. Na tsaya ina neman ramin nan da muke shiga mu leƙa cikin mota, sai na ga an shafe shi da siminti an ɗora injin markaɗe a kai. Ƙasar wurin, wadda baƙin mai ya jiƙa shekara da shekaru har ciyawa ta yi fushi da ita, ita ma an binne ta. Mai shagon wayoyin ya ga na daɗe a tsaye, ya jawo mini benci ya tambaye ni ko ina jiran wani ne. Na ce masa a'a, wucewa nake yi. Na wuce ɗin, amma ranar ban je dubiyar ba, gida na koma na kwanta.

Abin da na fi kewa ba rumfar ba ce, ƙara ce. A zamaninmu motocin Gaya ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma kowace da muryarta. Ana sallame sallar asuba za ka ji an fara tayar da su a tasha. Wannan sai ta yi tari sau biyu kafin ta kama, waccan sai ƙarti sun tura ta suna nishi suna zagin mai ita, wata kuma in ta tashi kajin unguwa sai sun watse. Mace tana cikin gida tana dama koko za ta ce wa mijinta ya yi sauri, ta ji motar Ajingi ta tashi, kuma ba za ta yi kuskure ba. Yanzu mota sai ta zo har bayanka ba ka ji ta ba. In ta lalace a kai ta wurin samarin nan, su soka mata wata na'ura a ƙarƙashin sitiyari, na'urar ta rubuta musu ciwon da Turanci. Ba raina su nake yi ba, Allah ya sani, suna neman halalinsu. Amma in ka miƙa wa ɗayansu kafireto sai ya juya shi ya sake juyawa, ya tambaye ka ko kan injin ban-ruwa ne.

Kafireto kuwa shi ne 'yar tukunyar da mai da iska ke haɗuwa a ciki kafin inji ya sha. A kansa muka ƙare ƙuruciyarmu. Mu kwance shi mu zuba a kwanon sha, mu wanke da fetur, mu sa baki mu hura 'yan ramukansa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙi hurawa mu zura masa silin waya. In mai ya ƙi zuwa, baki za ka sa a tiyo ka tsotso shi, don haka tuwon dare da miyar kuka duk ɗanɗanon fetur suke yi mana. Maigidan da ya koya mini aikin gajere ne mai kunne ɗaya, ɗayan ya mutu tun yana yaro, amma da wannan guda ɗayan yake jin abin da mu masu biyu ba ma ji. Sai ya kafa tsinin dogon sukundireba a jikin inji, ya manna kunnen a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu. Ba ya yawan magana. Abin da ya fi maimaita mana shi ne inji abu uku yake ci, mai da wuta da iska, in ya ƙi aiki ɗaya daga ciki aka hana shi. Kuma ba ya taɓa mota sai ya tambayi mai ita abin da aka taɓa mata kafin ta fara ciwon. Mu a lokacin gani muke ɓata lokaci ne kawai irin na tsofaffi.

Da idanunsa suka fara mutuwa ya koma gida ya bar mini rumfar. Ina da ƙarfi a lokacin, gemu ya fito, hannuna yana da sauri, kuma kaina ya fi hular da ke kansa girma. Na gyara motoci biyu ko uku da aka ce sai an kai Kano, shi ke nan na fara tafiya ina buɗa kafaɗa. Direbobi suka laƙaba mini Injiniya. Wasu da tsokana suke faɗa, ni kuwa da gaske nake amsawa.

Wanda ya fara kirana da sunan shi ne Baba Na-Gafasa. Dattijo ne dogo, sa'an mahaifina, gidansa yana wani ƙauye kusa da Gafasa, kuma yana da tsohuwar akori-kura, irin mai buɗaɗɗen baya da aka yi wa rumfar katako. Yakan kwana a Gaya, da safe ya cika tanki taf a wurin mai sayar da mai, ya lodo mata da ƙorensu, da buhuna, da awaki, ya nufi ƙauyukan Ajingi, da yamma ya dawo. Mutum ne mai raha, ba ya barin tsohuwa a bakin hanya ko da motar ta cika, sai ya ce a matsa, ai duk ƙasa ɗaya za ta cinye mu. Allurar da ke nuna mai ta mutu tun kafin motar ta zo hannunsa, don haka yana da wata 'yar sandar geza da ya yi wa tsaga uku da wuƙa, tana bayan kujerarsa kullum. Duk inda motar ta tsaya, ko mene ne dalili, sai ya fito ya buɗe tanki ya zura sandar ya duba. Ko taya ce ta fashe, sai ya fara auna mai kafin a sauko da jak. Mun sha yi masa dariya a kan wannan, shi ma yana taya mu.

Murfin tankin ya ɓace tun tuni. Abin da yake toshe bakin da shi totuwar masara ce da ya naɗe da tsumma. Ni wannan totuwar tana ba ni haushi. Duk lokacin da na kwance masa kafireto sai na sami yashi a ciki, kuma ina jin kunya a ce motar da nake gyarawa tana yawo da abincin jaki a gindinta. Ana gab da faɗuwar damina na samo wani murfin ƙarfe a cikin tarkacen wata tsohuwar lori, na yini ina goge shi da zarto har ya hau bakin tankin daidai, na yanko robar cikin taya na yi masa zobe. Da na ɗaura shi na kwara masa ruwa buta guda, ko ɗigo bai shiga ba. Kyauta na ba shi. Ya jujjuya shi a hannu, ya wurga totuwar bayan rumfa, ya ce na fitar da shi kunyar 'yan tasha. Ranar har goro ya saya mini, ni da ba na cin goro.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, sai motar ta fara wani hali. Za ta fita daga Gaya lafiya lau tana gurnani, ta wuce gonakin bakin gari, ta miƙe a kan burji. Sai an doshi wata babbar tsamiya da ke hanyar Ajingi ta fara sanyi. Ya taka totur ta ƙi amsawa, ta yi fizga biyu ko uku kamar wani ya riƙe ta ta baya, ta yi tari, ta gangara a hankali ta mutu a inuwar bishiyar. In ba a inuwar ba to 'yan taku kaɗan kafin ta ko bayanta. A ɗan jima a murza makulli, ta tashi kamar ba ita ba, ta kai su inda za su, ta dawo da su da yamma ta wuce tsamiyar ko waiwaye babu. Washegari a sake. In ya kawo mini ita gareji kuwa, sai ta yini tana aiki tana sheƙa mini dariya.

Ita tsamiyar nan dama ba a rasa abin faɗa a kanta ba. Tun muna yara ake hana mu tsinkar 'ya'yanta da tsakar rana, ana cewa akwai masu ita. To ga mota tana mutuwa a gindinta kullum, me kuma ake jira? Magana ta tashi daga tasha ta shiga kasuwa. Aka ce Baba Na-Gafasa ya take ɗan mutanen ɓoye da taya, shi ya sa suke tare shi kowace safiya suna neman hakkinsu. Wata mai tallar daddawa ta rantse ta ga wata doguwar mace zaune a kan buhuna tana jan gashinta, kuma ba a tasha ta hau ba. Masu juna biyu suka fara daina shiga. Sai masu goyo. Daga baya har maza suka koma jiran wata motar, ko su ɗaura wa jaki mangala. Na ga safiyar da ya tashi da mutum uku da akuya ɗaya. Aka kawo masa rubutu ya yayyafa a tayoyin, ya yi sadakar waina, motar ba ta fasa ba. Ya rame, rahar nan ta ragu. Wata rana yana zaune a kan bencina ya ce mini shi dai bai taɓa take ko kaza ba, amma yanzu ko a masallacin garinsu mutane suna ɗan matsawa in ya shiga sahu. Yana da mata da 'ya'ya shida, kuma motar nan ce gonarsa ta gaskiya.

Ni ban yarda da zancen aljanu ba, kuma ba don ilimi ba, don girman kai. Na ce masa ya bar ni da ita, ba a yi motar da za ta gagare ni ba. Na fara da zargin ruwa a cikin mai, tunda damina ce, na tsiyaye tankin kaf na wanke. Ba ta daina ba. Na kwance kafireto na wanke har sau uku, na hura kowane rami har kaina ya yi ciwo. Na canza fulogi. Na goge kontak, 'yan ƙarafan da ke tayar da wutar inji, na gyara tazararsa da takardar kwalin sigari yadda aka koya mana. Na ce koyil ne ke ɗaukar zafi ya hana wuta, na aro wani na saka. Na buɗe famfon mai na ga fatarsa lafiya. Matatar iska ma na wanke ta na shanya, don na tuna Maigida ya ce iska tana cikin ukun. Duk gyaran da na yi sai in ce masa an gama, gobe za ta wuce. Gobe ta yi, labari ya riga shi dawowa tasha.

Da abin ya ishe ni na haɗiye girman kaina na je wurin Maigida. Na same shi a zaure yana jan carbi, idanun sun yi fari. Na zayyana masa komai. Ya juyo mini da kunnensa mai rai ya saurara har na gama.

"Me aka taɓa mata kafin ta fara?"

"Ba a taɓa komai ba, Maigida. Injin nan rabon da a kwance shi tun kana rumfa."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Sai ya ce to in haka ne in daina jiran ta a gareji, in shiga in bi ta, in ga abin da kowa yake yi a lokacin da ta mutu da lokacin da ta tashi. Wallahi da na ce ba a taɓa komai ba, ba ƙarya na yi niyya ba. Ni a kaina inji yana gaba, a ƙarƙashin bonet. Murfin da ke can baya kusa da taya ban ɗauke shi a bakin komai ba, ado ne kawai da na yi wa mota.

Na bi ta kwana huɗu. Kullum tana mutuwa sai in yi tsalle in ɗaga bonet, in taɓa wannan waya in matse waccan. 'Yan fasinjan da suka rage su sauka su koma gefe suna karanta duk abin da ya zo bakinsu. Baba Na-Gafasa kuma ya zagaya baya da sandarsa ya auna mai kamar kullum, ya ce mai dai akwai. A murza makulli ta ɗan ja, ta tashi. Ni in ce wayar da na matse ce. Fasinja su ce addu'a ce. Shi kuwa ya mayar da sandarsa bayan kujera. Maigida ya ce in kalli abin da kowa yake yi, ni kuwa kaina na cikin bonet ina kallon hannuna.

A rana ta huɗu ba mu dawo Gaya ba, muka kwana a ƙauyensu, don ya yi wa yayansa alkawarin taya shi huɗa da safe. Yayan nan tsoho ne mai sanyin hali, shi ne babba a gidan. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, suka fita da shanu biyu da garma, ni kuma na zauna a ƙofar gida na sake baje kafireto a kan buhu. Hantsi ya ɗaga ke nan na ji ihu daga gona. Ɗaya daga cikin shanun sabo ne, bai saba da karkiya ba. Baba Na-Gafasa ya sunkuya zai gyara igiya, san ya kaɗa kai ya soke shi a cinya, can sama kusa da mara. Da aka kawo shi a kan ƙyauren kara, an ɗaure wurin da rawani, kuma rawanin ya riga ya canza launi.

Babu wani mai tuƙi a garin sai ni, kuma asibiti sai Gaya. Na haɗa kafireto na mayar da shi. Baba Na-Gafasa yana da garwar mai da yake ajiyewa a ɗakin kaya, na ɗauko na juye ta duka a tanki har ya tumbatsa ya zubo mini a ƙafa, don kada a ce mai ya yanke mana a hanya. Na ɗaura murfin na murɗe shi da dukkan ƙarfina. Aka shimfiɗa masa tabarma a baya, yayansa ya ɗora kansa a cinya, maza biyu suka hau suna danne ciwon. Matarsa ta biyo mu da gudu har bakin gari da ƙwaryar ruwa a hannu, ba mu tsaya ba. Ina tuƙi ina gaya wa kaina ai a dawowa ba ta taɓa mutuwa ba.

Ba mu ko hango tsamiyar ba ta fara. Na ji sanyin nan a ƙarƙashin ƙafata, na taka totur har ƙasa, ta yi fizga, ta yi tari, ta mutu. Fili ne fetal, gero bai kai gwiwa ba, babu bishiya ko ɗaya da za a ɗora wa laifi. Ba ranar kasuwa ba ce, hanya babu kowa. Ɗaya daga cikin mazan ya sauka ya ruga neman amalanke a wata ruga da muke hangowa can nesa. Ni na ɗaga bonet. Na taɓa wayoyin da na saba taɓawa, na murza makulli, ta ƙi. Na jiƙa tsumma a kududdufi na naɗe koyil, ta ƙi. Na buɗe kontak na ga wuta tana tsalle. Sai na ji muryar Baba Na-Gafasa daga baya, ta yi ƙasa sosai, amma na ji ta sarai.

"Injiniya, ka auna man."

"Da mai, Baba. Ni na cika shi da hannuna."

Na ci gaba. Na kwance saman kafireto na ga ƙasansa a bushe, na ce to allurar ciki ce ta maƙale, na fitar da ita na hura na mayar. Rana ta take, gumi yana shiga idona, sifana tana zame mini. Wata 'yar ƙaramar ƙusa ta faɗa cikin yashi na durƙusa ina tonon ta da yatsu. Yayansa bai ce mini in yi sauri ba ko sau ɗaya, salati kawai nake ji yana yi, da ƙarar ƙudaje.

"Sandar tana bayan kujera," in ji Baba Na-Gafasa. "Ka auna."

Wannan karon da ɗan zafi na amsa. Na ce masa don Allah ya yi shiru ya huta, ya bar ni in yi aikina, tanki a cike yake. Haka na ce wa mutumin da ya isa ya haife ni, yana kwance cikin jininsa. A raina na ce tsoho da al'adarsa, ko a wannan halin sai ya auna mai. Na cire tiyon da ke fitowa daga famfo na sa baki na tsotsa, ya kama mini harshe, ɗan abin da ya zo bai kai cokali ba. Na ce to famfo ne. Na ɗauko sifana na fara kwance shi ke nan, na ji salatin yayansa ya canza zuwa wani abu dabam.

Na zagayo baya. Tsohon ya riga ya shafe wa ƙaninsa ido. Inuwar motar da muka tsaya tana gefe, yanzu ta shige ƙarƙashinta. Na tsaya da sifana a hannu ban san abin da zan yi da ita ba. Tsohon ya ɗago ya dube ni, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan, kuma da ya yi fushin da ya fi mini sauƙi.

"Ɗan nan, abu ɗaya ya roƙa, har sau biyu," ya ce. "Yi masa, ko don ransa ya kwanta."

Na mayar da tiyon, na ɗauko sandar gezar, na je na kama murfin. Ya ƙi juyawa sai da na sa hannu biyu. Yana sakin bakin tankin na ji wata doguwar zuƙa, iska tana rugawa ciki kamar mutumin da aka danne wa hanci aka sake shi, har ƙarfen tankin ya yi ƙara ya koma daidai. A nan tsaye na gane komai, kuma ban so na gane ba. Totuwar masara tana barin iska ta shiga ta maye gurbin man da inji ya sha. Murfina ba ya bari. In tanki ya cika taf, ɗan wurin iskar da ya rage kaɗan ne, tafiya kaɗan famfo zai ja ya ja har ya kasa. Daga tashar Gaya, wannan tafiyar a gindin tsamiya take ƙarewa. Da yamma man ya yi ƙasa, wuri ya samu, shi ya sa take dawowa lafiya. Abin da ke tayar da ita kullum ba wayata ba ce, shi ne yake buɗe mata baki ta yi numfashi, da sandar nan da muke yi wa dariya. Shi kansa bai san yana yi ba.

Na zura sandar don tsohon yana kallona. Ta fito a jiƙe har saman tsaga ta uku. Na shiga na murza makulli, ta ɗan ja, ta tashi. Tana aiki sumul, muryarta tas. Yayansa ya ce in juya mu koma gida.

Na sani kwana in ya ƙare ya ƙare. Na ji wannan daga bakin malamai, na faɗa wa wasu da bakina a wurin ta'aziyya ba sau ɗaya ba, kuma na yi imani da shi. Wataƙila ko mun isa Gaya ba zai tashi ba, jinin ya zuba da yawa. Na shekara fiye da yadda zan iya ƙirgawa ina gaya wa kaina wannan wataƙilar. Amma na san tsawon lokacin da muka yi a filin nan, na kuma san tsawon hanyar da ta rage, na auna su a raina sau dubu. Har yau in ina alwala ko ina cin abinci, ba tare da wani dalili ba, sai in ji muryar nan a bayana, ba da faɗa ba, a hankali, tana ce mini in auna man. Na tsufa, na haifi 'ya'ya, na yi jikoki, na binne abokai, amma ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na amsar da na ba shi ba.

Aka yi jana'iza bayan la'asar. Kafin a watse magana ta gama gari cewa motar ta ƙi tashi sai da ransa ya fita, ashe dama shi masu tsamiya suke nema, sun biyo shi har fili. Mutane suna faɗa suna girgiza kai, wasu har da cewa dama sun faɗa. Ina zaune a cikinsu a kan tabarma, kalma ɗaya daga bakina ta isa ta wanke shi. Na buɗe baki, sai yayansa ya kamo hannuna ya ɗaga wa jama'a, ya nuna musu yatsuna da suka farfashe, ya ce su shaida yaron nan ya yi iya ƙoƙarinsa, shi ya gani da idonsa, ko ɗan cikinsa iyakar abin da zai yi ke nan. Aka yi ta sa mini albarka. Na sunkuyar da kai na ce amin. Ban faɗa ba ranar, ban faɗa wa Maigida ba har ya rasu, kuma 'ya'yan Baba Na-Gafasa sun girma a garin da ake nuna su ana cewa ubansu ne ya take ɗan aljanu.

Da jama'a suka ragu na zagaya bayan gida inda aka ajiye motar. Na cire murfin, na samo ƙusa a jikin danga, na ɗora shi a kan dutse. Bugu ɗaya na yi masa, ramin bai fi ƙwayar gero ba. Na mayar da shi na ɗaura. Ƙanin matar marigayin ne ya karɓi motar, ya yi shekaru yana bin hanyar nan da ita safe da yamma, da mata da ƙorensu a baya. Ba ta sake tsayawa ba.